Wata 18 da Toyota Corolla ta 2017: abin da ta ci a albashina da abin da ta ba ni

Aikina shi ne duba lissafin kamfanoni, in gano inda kuɗi ke shiga da inda yake zurarewa, sannan in rubuta wa manyana ra'ayina a kan ko wata kadara ta cancanci farashin da aka sa mata. Duk da haka, ranar da na fara shiga wurin masu sayar da motoci da niyyar sayen motata ta farko, shekara biyu bayan na kama aiki, wannan ilimi bai biyo ni ciki ba. Na tsaya gaban wata baƙar motar Jamus mai kujerun fata, dillali ya buɗe mini ƙofa, ya ce, “Yallaɓai, kada farashi ya dame ka, kai dai faɗa mini nawa za ka iya biya a wata.” Sai da na koma gida na zuba alƙaluman a kwamfuta, kamar yadda nake yi wa kamfanonin mutane, sannan hankalina ya dawo jikina. Motar da na saya daga baya ita ce Toyota Corolla samfurin 2017, nau'in LE, ta hannu, kuma yau wata 18 ke nan ina hawanta. Bitar motar ce na zauna rubutawa, amma ba zan iya raba ta da lissafin da ya kai ni gare ta ba, domin a wurin mai albashi ba a gane kyawun mota sai an ga abin da ta rage masa a ƙarshen wata.

Tambayar da dillalin nan ya yi mini ita ce tarkon farko, kuma abin kunya ne a ce ta kama wanda ke cin abinci da lissafi. Kowace mota za a iya matse ta ta shiga biyan wata da mutum ya ambata, muddin an tsawaita wa'adin rancen. A ce abin da aka ranta 100 ne, ko da wane irin kuɗi, a kan kuɗin ruwa kashi 12 cikin 100 a shekara, wanda ake lissafawa a kan abin da ya rage na bashin. Idan za a biya cikin wata 48, biyan kowane wata zai zama kusan 2.63, jimillar abin da za a biya kuma kusan 126. Idan aka ja wa'adin zuwa wata 72, biyan wata zai sauko zuwa kusan 1.96, abin da ke sa mutum ya ji kamar an yi masa rangwame, alhali jimillar ta haura 140. Akwai kuma wata dabara da ta fi wannan ɓoyuwa, wato a lissafa kuɗin ruwan a kan ainihin abin da aka ranta daga farko har ƙarshe, ba tare da la'akari da abin da aka riga aka biya ba. A wannan tsari, kashi 12 ɗin nan a shekara huɗu yana nufin ƙarin 48 a kan 100, kusan ninki biyu na 26 ɗin da ya fito a lissafin farko, ga shi kuma lambar da aka rubuta a takarda iri ɗaya ce. Wanda ya zaɓi tsarin murabaha, inda banki ke sayen motar ya sayar masa da ita da riba sananniya a biya kaɗan-kaɗan, ya kuɓuta daga kuɗin ruwa, amma bai kuɓuta daga wannan lissafi ba. Shi ma dole ne ya tambayi jimillar abin da zai fita daga aljihunsa, da kuma abin da zai faru idan ya so ya kammala biya kafin wa'adi.

Akwai wata ƙa'ida da masu ba da shawara kan kuɗi suka daɗe suna maimaitawa: a biya aƙalla kashi 20 cikin 100 na farashin a matsayin kafin alƙalami, kada rancen ya wuce shekara 4, kuma kada duk abin da mota ke ci a wata ya wuce kashi 10 cikin 100 na abin da mutum ke samu. Na ɗauke ta, amma na ƙara mata tsauri ta hanya biyu. Na farko, na auna kashi goman nan da abin da ke shigowa asusuna bayan an cire haraji da kuɗin fansho, domin albashin da ke rubuce a takardar ɗaukar aiki ba shi ake kashewa ba. Na biyu, wanda ya fi shafar masu irin sana'armu, ban sa ladan ƙarshen shekara a lissafin ba ko kaɗan. A harkar kuɗi, wani babban ɓangare na abin da ma'aikaci ke samu yana zuwa ne a dunƙule sau ɗaya a shekara, kuma girmansa ya danganta da yadda kasuwa ta kasance, da yadda sashen da kake ya yi, da ra'ayin wanda ke samanka. Biyan rancen mota kuwa ba ya jiran kasuwa ta gyaru. Duk wanda ya ɗora biyan da ba ya canzawa a kan kuɗin da ke iya zuwa ko ya ƙi zuwa, ya aikata ainihin kuskuren da muke rubuta rahoto muna kushe kamfanoni a kansa. Ban kuma taɓa ajiyar ko-ta-kwana ba wajen haɗa kafin alƙalamin, wanda ya sa na jinkirta sayen da wata biyar, ina hawan motar haya ina kallon abokan aiki suna wuce ni a bakin ƙofa.

Dole in faɗi gaskiya game da matsin da ke cikin wannan sana'a, domin shi ne ya kai ni gaban baƙar motar can tun farko. Ana yawan cewa mai kula da dukiyar mutane ya kamata ya yi kama da mai dukiya, kuma wurin ajiye motoci na ma'aikata yakan zama kamar fagen gasa tsakanin matasan da suka kama aiki shekara ɗaya. Da na duba yadda kwanakina ke tafiya, sai na ga cewa abokan hulɗar kamfaninmu suna ganina ne a ɗakin taro ko ta allon kwamfuta, kuma a shekara biyu babu ko mutum ɗaya daga cikinsu da ya san da me nake zuwa aiki. Masu ganin motata su ne takwarorina, waɗanda ba su ne ke ƙara mini girma ba, ba kuma su ne za su biya bakanike ba.

Corolla ba baƙuwa ba ce ga kowa. Tun 1966 kamfanin Toyota ke ƙera ta, kuma a 2021 ya sanar da cewa adadin da aka sayar a duniya ya kai miliyan 50. Wannan yawa yana da amfani kai tsaye ga mai saye, domin kusan duk inda mutum ya je zai sami bakaniken da ya san cikinta, zai sami kayan gyara na asali da na wasu kamfanoni, kuma ranar da ya tashi sayarwa ba zai daɗe yana neman mai saye ba. Tawa tana cikin zubi na 11, wato fasali na goma sha ɗaya a jerin ƙirar Corolla, irin wadda aka ƙera domin kasuwar Arewacin Amurka daga samfurin 2014 zuwa na 2019. Injinta mai lita 1.8 ne, mai silinda huɗu, wanda ake kira 2ZR-FE, yana ba da ƙarfin doki 132, kuma tayoyin gaba yake ja. Abin da ya fi burge ni a injin, a matsayina na mai kasafi, shi ne sarƙa ce ke daidaita motsin cikinsa, ba bel na roba da ake canzawa bayan wasu dubban kilomitoci ba, saboda haka wani babban kashe kuɗi da masu wasu motoci ke jira ya fita daga lissafina. Babu kuma turbo, na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska domin ya ƙara ƙarfi, wanda ke nufin ƙarancin ƙarfi, amma kuma ƙarancin abubuwan da za su iya lalacewa a motar da ta riga ta yi shekaru a hannun wani.

Giyarta ita ce irin wadda ake kira CVT, wadda ba ta da matakai irin na giyar da aka saba, sai bel na ƙarfe da ke gudana tsakanin fayafai biyu masu buɗewa da tsukewa. A cikin gari da cunkoso tana tafiya lami lafiya, babu fizga, babu tsalle. Idan kuwa aka taka totur da ƙarfi domin wuce babbar mota a kan hanya, injin yakan ɗaga murya ya tsaya a wuri ɗaya yana gurnani yayin da gudun ke ƙaruwa a hankali, kuma wanda ya saba da mota mai kuzari zai ji kamar ana jan sa da igiya. Na koyi in ba wa kaina tazara mai yawa kafin in wuce wata mota, musamman idan akwai mutum huɗu a ciki kuma na'urar sanyaya iska tana aiki. Wannan hali ne na ƙirar, an zaɓe shi da gangan domin a rage shan mai, kuma mai saye ya kamata ya gwada shi a kan babbar hanya kafin ya biya, ba a zagayen layi ɗaya kusa da wurin dillali ba.

Ta fuskar mai, alƙaluman hukuma na Amurka sun ba wannan nau'i kimanin lita 7.4 a kowace kilomita 100 idan aka haɗa tafiyar gari da ta babbar hanya. Ina rubuta kowane shan mai da kilomitar da ke kan allo, ɗabi'ar aiki ce da ta biyo ni gida, kuma abin da nake samu ya ɗan haura 8 a makonnin da ban fita daga cunkoson gari ba, yana kuma saukowa ƙasa da 7 a doguwar tafiya idan ban matsa mata ba. Tankin yana cin lita 50. Abin da ya fi mini muhimmanci shi ne lambar ba ta yawo: zan iya hasashen man wata mai zuwa kusan daidai, in dai farashin man bai motsa ba.

Cikin motar ya fi yadda ake zato fili. Tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya ta kai milimita 2,700, kuma mafi yawan amfanin wannan tsawo ya tafi ne ga kujerar baya, inda dogon mutum zai zauna gwiwarsa ba ta taɓa kujerar gaba ba. But ɗin yana ɗaukar manyan akwatuna biyu da ƙananan jakunkuna. Kujerun yadi ne, robobin da ke jikin ƙofofi masu tauri ne, kuma babu abin da zai sa baƙo ya yi santi idan ya shiga. Allon da ke gaba yana haɗuwa da waya ta Bluetooth, amma babu Apple CarPlay ko Android Auto, tsarin da ke nuna manhajojin waya a allon mota, a wannan zubi, abin da na ji rashinsa a watannin farko kafin in saba da maƙala waya a gefen sitiyari. A kan hanya mai gargada, bayan motar yakan yi tsalle fiye da gabanta, domin ƙafafun baya a haɗe suke da ƙarfe guda, ba kowace da nata ba. Ƙarar taya da ta iska kuma suna shigowa ciki idan gudu ya yi yawa, har sai an ƙara muryar rediyo. Birkin baya a nau'in LE irin na ganga ne, ba na faifai ba, wanda ya ishi motar da nauyinta kuma yana da arha wajen gyara, ko da yake a takarda ya yi kama da tsohon yayi.

Dalilin da ya sa na nace wa samfurin 2017 maimakon na 2015 ko 2016, waɗanda suka fi shi sauƙi, shi ne kayan kariya. Daga wannan shekara ne Toyota ta sa tsarin da take kira Toyota Safety Sense P a dukkan nau'o'in Corolla na kasuwar Amurka, wanda ya ƙunshi gargaɗi da taka birki da kanta idan ta hango karo da mota ko mai tafiya a ƙasa, da gargaɗin kauce wa layi, da riƙe gudu tare da kiyaye tazara da motar gaba, da kuma sauya fitila mai haske da kanta da dare. Corolla da aka ƙera domin wasu kasuwanni ba lallai ba ne ta zo da waɗannan, saboda haka shekara kaɗai ba hujja ba ce, sai an duba motar da ke gabanka. Wannan kariya tana da nata kuɗi da mutane ba sa lissafawa. Kyamarar tana bayan gilashin gaba, na'urar auna tazara kuma tana bayan tambarin da ke hancin motar, don haka canjin gilashi ko gyaran gaba bayan ɗan karo yana buƙatar a sake daidaita su a wurin da ke da kayan aikin. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa na ɗauki cikakkiyar inshora, ba wadda ke biyan wanda aka yi wa ɓarna kaɗai ba.

Inshorar ce ma ta ƙarasa raba ni da motar Jamus. Kafin in yanke shawara na nemi a ba ni ƙiyasin inshorar motocin biyu, sai na ga bambancin da ke tsakaninsu a shekara ya isa ya biya sabis ɗin Corolla gaba ɗaya, saboda matashin direba da mota mai tsadar kayan gyara haɗi ne da kamfanonin inshora ke caja da yawa. Mutane da yawa sai sun sayi motar sannan su je neman inshora, lokacin da bakin alƙalami ya riga ya bushe.

A wata 18 ɗin nan, abin da na kashe bayan mai da inshora da sabunta takardu shi ne canjin baƙin mai da matatarsa, da matatar iska, da batir guda, da tayoyi biyu na gaba. Duk abubuwa ne masu ƙarewa da amfani, kuma duk na san suna tafe tun ranar saye. Littafin motar ya ce a yi amfani da baƙin mai mai lamba 0W-20, ya kuma ba da tazarar kusan kilomita 16,000 tsakanin canji da canji a yanayi mai sauƙi, da rabin haka ga mai yawan gajerun tafiye-tafiye ko tsayuwa a cunkoso ko bin hanya mai ƙura. Ni rabin nake bi, domin baƙin mai ya fi inji arha. Kowane wata ina ware wani ƙayyadadden kaso a asusu na dabam da sunan gyaran mota, ko an yi gyara ko ba a yi ba, kuma har yau asusun bai taɓa komawa fanko ba. Idan na haɗa biyan rance da mai da inshora da wannan ajiya, motar tana cin kusan kashi 11 cikin 100 na abin da ke shigowa hannuna, wato na ɗan ƙetare iyakar da na sa wa kaina, kuma man fetur ne ya ƙetarar da ni.

Babban kuɗin da mota ke ci ba ya zuwa da rasiti. Faɗuwar daraja ce, kuma a shekarun farko ta fi tsanani, shi ya sa na bar wa mai ita na farko ya ɗauki wannan nauyi. Corolla tana cikin motocin da aka sani da riƙe daraja, abin da ke da fuska biyu: za ka saye ta da tsada fiye da takwarorinta masu shekaru ɗaya, amma za ka sayar da ita da daraja idan lokaci ya yi. Motar alfarma da ta tsufa tana yin akasin haka. Farashinta yakan faɗo har ya yi daidai da na ƙaramar mota, shi ne abin da ke jan matasa, sai dai kayan gyaranta da tayoyinta da ladan mai gyaranta suna nan a matsayin sabuwarta.

Na gwada Honda Civic ta zubi na 10, wadda ta fara daga samfurin 2016, da kuma Mazda3, kuma ba zan ɓoye ba, dukkansu sun fi Corolla daɗin tuƙi. Civic ta fi ta kwanciya a kwana, ta fi ta kuzari, musamman mai injin turbo na lita 1.5, Mazda3 kuma ta fi ta kyawun ciki ko da yake kujerar bayanta a matse take. Da a ce na sami ɗaya daga cikinsu mai cikakken tarihin sabis a cikin iyakar kuɗina, da wataƙila bitar wata motar nake rubutawa. Corolla ta zubi na 12, wadda ta biyo bayan tawa, ta gyara yawancin abubuwan da na lissafa, ciki har da ƙafafun baya, tana kuma da nau'i mai haɗa fetur da lantarki, amma a lokacin da nake saye farashinta ya fi ƙarfin ƙa'idata.

A motar hannu, lafiyar wadda ke gabanka ta fi sunan kamfanin da ya ƙera ta muhimmanci, kuma a nan ne na kashe kuɗin da ya fi kowanne amfani. Na ɗauki bakanike mai zaman kansa, wanda ba shi da alaƙa da mai sayarwa, na biya shi ladansa ya duba motoci uku. Ya gwada lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 da ke jikin motar da wadda ke cikin takardu, ya jona na'urar binciken kwamfutar mota ya karanta kurakuran da ta adana, ya bi jikin motar yana neman inda fenti ya bambanta, ya ɗaga ta ya duba ƙasanta ko akwai tsatsa ko yoyon mai ko alamar ta taɓa nutsewa a ruwa. Shi ne ya nuna mini lambobi huɗu da ke gefen taya, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Ta farko a cikin ukun ta fi kowacce sheƙi, amma ya leƙa ƙarƙashinta ya ce, “Malam, wannan ta sha karo a gaba, an miƙe ta ne, bar ta.” Ta biyu ba ta da wata takarda da ke nuna an taɓa kula da man giyarta, wanda a motar CVT ba abin wasa ba ne. Ta ukun ce na saya, mai ɗan ƙwarzane a ƙofar baya, wanda ya taimaka mini wajen ciniki.

Ga matashin da ya fara aiki a harkar kuɗi, wanda albashinsa na wata bai kai sunan aikinsa ba tukuna, ina ba da shawarar wannan mota ba tare da jinkiri ba, da sharaɗin a duba ta kafin a biya kuma kada rancen ya wuce shekara huɗu. Wanda tuƙi ke faranta masa rai, ko wanda ke yawan doguwar tafiya da kaya da mutane, zai gaji da gurnanin injinta, kuma ya fi masa ya ƙara haƙuri ya tara kuɗin wata motar. Ni saura wata 30 in gama biya. Ladan ƙarshen shekarar da ta wuce ya zo ƙasa da yadda aka yi ta hasashe a ofis, kuma biyan motar bai ji komai ba. A sabis mai zuwa za a canza man giya da tayoyin baya, kuɗinsu kuma yana nan a asusun gyara tun watan jiya.